"Ka Ƙara Ko Ka Ajiye": Sharhi Kan Binciken Cepheus da Iyakar Gaskiyarsa

A watan Janairun 2015 mujallar Science ta buga wata maƙala daga Jami'ar Alberta da ke Kanada, wadda takenta kaɗai ya isa ya ta da ƙura: an warware wasan poka na mutum biyu mai ƙayyadadden zubi. Masu binciken su huɗu ne, Michael Bowling da Neil Burch da Michael Johanson da kuma Oskari Tammelin, manhajar da suka gina kuwa suka raɗa mata suna Cepheus. Daga duk abin da suka samo, magana ɗaya ce ta fi yawo a bakin jama'a: kwamfuta ta tabbatar da cewa mai zafin hannu shi ke ci, don haka da an raba karta, ka ƙara zubi ko ka ajiye, kada ka tsaya bin kowa.

Wannan maganar nake so mu auna. Ra'ayina shi ne binciken ingantacce ne, amma gaskiyarsa tana da shinge, kuma masu ɗaukar ta su tsallake shingen da ita suna jingina wa lissafi abin da bai faɗa ba.

Wani zai ce, me ya haɗa shafin kimiyya da karta? Hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana a kai, kuma ba koyar da ita na zo yi ba. Dalilai biyu ne. Na farko, poka ce ɗakin gwajin masu nazarin dabarun wasa tun zamanin John von Neumann, wanda ya tattauna ta a littafin da suka fitar da Oskar Morgenstern a 1944, saboda wasa ce da ake yanke shawara ba tare da ganin abin da ke hannun abokin karawa ba. A dara ko draf komai a fili yake, a nan kuwa rabin labarin a rufe yake. Na biyu, yau caca ta shigo aljihu ta cikin waya, kuma daga Dutsin-Ma har Kurfi ba za ka rasa matashin da zai rantse maka cewa shi "lissafi" yake yi ba. To bari mu ga abin da lissafin gaske ya ce.

Yadda wasan yake a taƙaice

Karta 52 ce, dangi huɗu, kowane dangi guda 13. Ana ba kowa kati biyu a rufe, sai a yi zangon zubi na farko kafin a buɗe komai a tsakiya. Daga nan a buɗe kati uku, sai ɗaya, sai wani ɗaya, kowanne da zangon zubinsa. Zaɓi uku ne a gabanka kullum: ka ajiye kartarka ka haƙura da abin da ka zuba, ka bi da daidai abin da aka zuba, ko ka ƙara. A nau'in da muke magana a kai, girman ƙarin a ƙayyade yake, kuma zubi ba ya wuce hawa huɗu a zango guda.

Akwai kuma zubin dole. Kafin a ga kati, mutum biyu sai sun ajiye kuɗi, ɗaya babba ɗaya rabinsa. Don sauƙin lissafi mu ce babban naira 1,000 ne, ƙaramin 500. Riƙe wannan ma'aunin, da shi za mu yi ta awo har ƙarshe.

Kati biyu daga cikin 52 suna iya haɗuwa ta hanya 1,326, amma in aka tattara masu ƙarfi ɗaya sai su koma hannu iri 169. Mafi ƙarfi shi ne A biyu, wanda ke zuwa sau ɗaya cikin rabo 221, kuma yana cin hannu ɗaya da ba a sani ba kusan kashi 85 cikin 100. Mafi rauni a karon mutum biyu shi ne 3 da 2 na dangi daban, amma ko shi yana cin kusan kashi 32 cikin 100. Ka lura da wannan tazarar: mafi lalacewar hannu ma yana cin kusan ɗaya cikin uku.

Me ya sa raguwar mutane ke canza komai

Tsofaffin littattafan poka, irin na David Sklansky na 1976, sun jera hannuwa rukuni-rukuni suna koya wa mutum haƙuri: ka jira hannu mai kyau, sauran ka zubar. Shawara ce mai kyau a teburin mutum tara ko goma. Da teburin ya ragu, sai ta zama hanyar tsiyacewa, kuma dalilai biyu ne, duka na lissafi.

Na ɗaya shi ne kuɗin zama. Zubin dole naira 1,500 ne a kowane kewaye. A teburin mutum goma, wanda bai taɓa buga komai ba yana asarar naira 150 a kowane rabo. A na mutum shida, 250. A na uku, 500. In su biyu ne kacal, 750. Wato mai jiran A biyu a karon mutum biyu, kafin su zo masa ya biya kuɗin jira sama da naira 165,000.

Na biyu shi ne yawan masu iya fin ka. A ce kana riƙe da A da 7. Saura A uku a cikin kati 50 da ba ka gani ba. In abokan karawarka tara ne, yiwuwar wani yana riƙe da A ta kai kusan kashi 75 cikin 100. In biyar ne, kusan rabi. In biyu ne, kashi 23. In ɗaya ne, kashi 12. Hannun bai canza ba, adadin mutane ne ya mayar da shi daga abin zubarwa zuwa abin taƙama. Idan kiɗa ya canza, ai dole rawa ta canza.

To me ya sa ƙari ya fi bi? Mai bi hanyar ci ɗaya gare shi, sai kartarsa ta fi. Mai ƙari yana da biyu: ko kartarsa ta fi, ko sauran su tsorata su ajiye. A teburin mutum uku, wanda ya zuba 2,000 don ya kwashe 1,500 da ke tsakiya, in dai sauran biyun suna ajiyewa fiye da kashi 57 cikin 100, ya ci riba ko da takardar banza yake riƙe da ita. Shi kuma mai babban zubin dole ba zai bari a yi ta kwasar masa ba. A karon mutum biyu, 1,000 zai ƙara don neman 3,000, kenan in yana da damar ci ɗaya cikin huɗu, lissafin farko ya ba shi izinin bi. Ka ga yadda kowane ɓangare ke tura ɗayan ya faɗaɗa hannuwan da yake bugawa.

Abin da Cepheus ta yi, da yabon da ya dace da ita

Duk wannan ƙwararrun 'yan wasa sun daɗe da hasashensa. Abin da babu shi ne hujja, don wasan yana da wuraren yanke shawara kusan tiriliyan 319. Hanyar da su Bowling suka bi, ni da zan sa mata suna da Hausa, lissafin da-na-sani zan kira ta. Manhajar tana karawa da kanta, bayan kowane zagaye ta tambayi kanta a kowace mahaɗa: da na ƙara maimakon in bi, nawa zan samu? Sai ta tara wannan nadamar, zaɓin da ta fi nadamar barinsa ta ƙara yawan yinsa a gaba. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, amma a nan an mayar da ita jagora. An ƙirƙiro hanyar a Alberta a 2007, Tammelin ya kawo gyaran da ya sa ta sauri ƙwarai, sannan aka sa ƙwaƙwalwar kwamfuta 4,800 suka yi ta aiki sama da wata biyu.

Sakamakon zangon farko ya fito tsaf. In Cepheus ce mai rabo, wadda ke fara magana a zangon farko kuma take rufewa a sauran, kusan ba ta taɓa shiga da bi kawai: ƙasa da sau ɗaya cikin dubu. Ko ta ƙara, ko ta ajiye. In ita ce mai babban zubin dole, tana kare hannuwa masu yawa fiye da yadda akasarin mutane ke yi, kuma tana yawan mayar da ƙari da ƙananan tagwaye irin 3 biyu ko 4 biyu. An kuma auna darajar kujerar mai rabo: tsakanin naira 87.7 da 89.7 a kowane rabo, a ma'auninmu na 1,000.

Akwai wani sakamako da masu yaɗa "zafin hannu" ba sa ambata. Idan Cepheus ta ƙara aka mayar mata da ƙari, kusan ba ta taɓa kai zubi hawa na huɗu a zangon farko, ko da A biyu take riƙe da su. Bi take yi. Fassarar da ta fi zama ita ce, in da manyan hannuwa kaɗai take kaiwa ƙarshe, ta tona asirin kanta, sauran hannuwanta kuma sun zama tsirara. Ashe abin da manhajar ta koya ya fi zafi faɗi: ta san inda ƙari ke ɓoye labari, da inda yake fallasa shi.

Wajibi ne a yaba wa marubutan kan gaskiyarsu game da kalmar "warwarewa". Ba su ce sun kai ga cikakkiyar amsa ba. Sun auna cewa wanda ya san dabarar Cepheus ciki da waje, ya kuma buga mata ba kuskure, abin da zai iya ci bai kai naira ɗaya ba a kowane rabo. Suka nuna cewa mutumin da zai buga rabo 200 a awa, awa 12 a rana, shekara 70 ba fashi, ba zai iya bambance wannan da cikakkiyar amsa ba. Sun kuma faɗa da bakinsu cewa wata dabarar mai daidai wannan ƙarfin tana iya buga wasu hannuwan daban. Matsalar ta fi yawa a wajen masu karanta take su wuce.

Inda nake da ja

Ja na farko: abin da aka tabbatar shi ne rashin faɗuwa. Cepheus tana neman abin da ake kira daidaiton Nash, daga sunan John Nash da ya bayyana shi a 1950. Ka tuna wasan yara na ɓoye tsakuwa a hannu ɗaya a ce ka canka. In kana ɓoyewa dama da hagu rabi da rabi ba tsari, babu mai cin ka a dogon zango. Amma in ka haɗu da yaron da kullum dama yake canka, kai kuma ka ci gaba da rabi da rabi, ka bar riba a ƙasa. Haka Cepheus take. Ba ta kallon abokin karawa, ba ta koyon halinsa, yadda ta buga da gwani haka za ta buga da ɗan koyo. Tana cin masu kuskure, gaskiya ne, amma ba iyakar abin da za a iya ci daga gare su ba. A gaban mutumin da ba ya taɓa ajiyewa, burga asarar kuɗi ce, ita kuwa ba za ta daina ba.

Ja na biyu, kuma shi ne babba: hujjar ta mutum biyu ce. Tabbacin cewa mai bin daidaiton ba zai faɗi ba ya samo asali ne daga ka'idar da von Neumann ya tabbatar a 1928, kuma sharaɗinta mutum biyu ne, ribar ɗaya ita ce asarar ɗayan. Da na uku ya zauna, tabbacin ya tashi. Noam Brown da Tuomas Sandholm, waɗanda manhajarsu Pluribus ta doke ƙwararru a teburin mutum shida a 2019, sun kawo wani misali da zan mayar da shi na gida. Masu shayi uku ne za su kafa tebur a kewayen fili mai zagaye, kowa yana so ya yi nesa da sauran. Duk tsarin da ya raba su daidai wa daida daidaito ne, kuma irin wannan tsarin ba ya ƙirguwa. In kowa ya zauna a gida ya zaɓi nasa tsarin shi kaɗai, da safe sai a tarar biyu sun kafa kusa da juna, alhali kowannensu "daidai" ya yi. A poka ma haka ne: wautar mutum na biyu tana iya kwashe kuɗinka ta kai wa na uku, balle in biyun sun haɗa baki.

Ita Pluribus, ba da hujjar lissafi ta yi nasara ba, da gwaji ne, rabo 10,000 a kan ƙwararru, kuma a nau'in da zubi ba shi da iyaka. Ita ma ta guji shiga da bi kawai, sai in tana kujerar ƙaramin zubin dole. Don haka shawarar "ka ƙara ko ka ajiye" tana da goyon baya a teburin mutum uku zuwa shida, amma goyon bayan gwaji ne da hankali. Wanda ya ce maka kimiyya ta warware wannan, ya ƙara gishiri.

Ja na uku: an ba mu amsa ba a ba mu dalili ba. Dabarar Cepheus jadawali ce da ta cinye sama da terabayit 10 ko bayan an matse ta. Abin da ɗan Adam zai iya kwafa shi ne ɗan allon zangon farko mai gida 169. To amma Cepheus tana shiga da raunanan hannuwa ne saboda ta san yadda za ta fita da su a zanguna uku masu zuwa ba tare da kuskure ba. Wanda ya kwafi shigarta bai kwafi fitarta ba, kamar wanda ya ga masunci ya faɗa Dam ɗin Zobe ne shi ma ya bi shi, bai tambayi ko ya iya ruwa ba. Ƙari a kan haka, a wurare da yawa dabarar cakuɗe ce, misali ƙara a kaso kaza, bi a kaso kaza, ba tsari. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa ba ta iya rashin tsari ba, ko ya yi ƙoƙari sai an gano salonsa.

Ja na huɗu shi ne wanda ya shafi aljihu. A lissafin Cepheus babu mai gida. A zahiri kuwa duk inda ake caca akwai mai cire la'adarsa daga kuɗin tsakiya. Zaunar da Cepheus biyu su yi ta musayar kujera: ba mai cin wani, la'ada kuma tana fita a kowane rabo, ƙarshenta dukansu biyu su tashi hannu rabbana. Mafi ƙwarewar ɗan wasa a duniya, in ya gamu da irinsa, mai gida yake yi wa aiki. Cacar ƙwallo ma haka take: in abu biyu damarsu rabi da rabi ce, kamfani ya ba da 1.90 a kowanne, duk naira 100 da ka zuba 95 ce ke dawowa a dogon zango.

Sai kuma sa'a. A wannan wasan, kai-komon rabo ɗaya ya kai kimanin naira 5,000 sama ko ƙasa. A ce ka fi abokin karawarka da naira 50 a kowane rabo. Bayan rabo 1,000, ƙwarewarka ta ba ka 50,000, amma kai-komon sa'a ya kai kusan 158,000, ya ninka ta sau uku. Sai an kai rabo 10,000 kafin su yi kunnen doki. Kenan wanda ya ci na mako biyu ya ce ya gano sirri, bai gano komai ba tukuna. Wanda ba shi da ƙwarewar ma zai iya ci na mako biyun, kuma wannan ne tarkon.

Abin da ya rage mana

Marubutan sun ce amfanin aikinsu ya wuce karta, sun ambaci tsaro da shawarar likita. Akwai ƙamshin gaskiya. Tun 2007 filin jirgin saman Los Angeles a Amurka ya fara amfani da manhajar ƙungiyar Milind Tambe don cakuɗa lokaci da wurin shingayen bincike, yadda mai leƙen asiri ba zai gane tsarin ba. Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi ya san darajar wannan tunanin: sintirin da kowa ya san lokacinsa, ɓarawo ma ya sani. Sai dai ja na biyu yana nan. Matsalar tsaron yankinmu masu hannu a cikinta sun fi biyu, ba a rubuta dokokinta ba, kuma akwai mafitar da kowa zai amfana da wadda kowa zai yi asara. Cinikin kara ma haka: mai saniya da mai saye suna ɓoye wa juna farashin zuci, akwai burga, amma za su iya rabuwa kowa ya ci riba, kuma gobe za su sake haɗuwa. Mai shiga irin wannan da "ka ƙara ko ka ajiye" zai rasa abokan ciniki.

Ga ɗalibin lissafi ko kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da abin ya burge shi, ga inda zan ce ya fara, ba tare da ya zuba ko kwabo ba. A 1950 Harold Kuhn ya ƙirƙiro poka mai kati uku kacal da 'yan wasa biyu. Ana iya warware ta da biro da takarda, ana kuma iya rubuta mata lissafin da-na-sani a ƙaramar kwamfuta cikin yini ɗaya. Za ka ga da idonka manhajar ta koyi yin burga da mafi raunin kati ba wanda ya koya mata, za ka kuma ga mai fara magana yana asarar kashi ɗaya cikin 18 na zubi a kowane rabo, komai iyawarsa. In ka gama, ƙara kati na huɗu da ɗan wasa na uku, ka sa ɗaya daga cikinsu ya riƙa kauce wa dabarar, sannan ka duba aljihun wa kuɗin ke tafiya.